Kuregen Landan: ƙaƙa za a yi da mai ɓarna marar laifi?

Wani dare bayan isha'i muna zaune a fada, ana jiran shayi na biyu, sai ɗaya daga cikinmu ya miƙo salula ya ce mu kalla. Bidiyo ne na wani lambun shaƙatawa a birnin Landan. Ga wani ƙaton kurege mai ruwan toka, jela kamar tsintsiya, ya hau ƙafar wandon wani mutum yana karɓar gujiya daga hannunsa, yara na ta dariya. Da wannan ya ƙare sai wani ya biyo baya, shi ma daga Ingila: wani dattijo ne tsaye kan tarko, da irin wannan kurege a ciki, yana bayani a natse yadda doka ta yarda a kashe shi. Mai dafa shayi ya ɗago kai ya ce: "To su mutanen ga, mi suka so ne? Da safe su ba shi abinci, da marece su kashe shi?"

Muka yi dariya, amma gardamar da ta biyo baya ta kai mu har shayi na uku ya huce. Wasu suka ce zalunci ne tsantsa. Wasu suka ce ai ɓera ne mai kyan jela, a kashe kawai. Ni na koma gida da tambayar, na yi kwanaki ina bin labarin, kuma abin da na samo shi ne na kawo muku a ɗan littafin nan namu. Tambayar da mushenmu na filo zai so ce a ranar jarrabawa: shin ya halatta a kashe wanda bai yi laifi ba, don kawai zamansa na jawo ɓarna?

Da farko mu san wanda ake magana a kai. Wannan ba kuregenmu ba ne mai rami, wanda ke tone irin gujiya a gona bayan shuka. Ɗan uwansa ne na nesa, mazaunin bisa itace, kuma asalinsa gabashin Amurka ta Arewa. Bai yi iyo ya ƙetare teku ba, bai ɓuya cikin jirgin ruwa ba. Ɗauko shi aka yi da gangan. A 1876 wani attajiri ya saki na farko da aka sani a gandun Henbury, yankin Cheshire. A 1890 aka saki wasu a Woburn, gidan sarautar Bedford, daga nan kuma aka riƙa raba su kyauta ga masu manyan gidaje da lambuna, har da Regent's Park a tsakiyar Landan. A 1911 aka kai su Castle Forbes a Ayalan. A 1948 aka saki guda huɗu kacal kusa da birnin Turin na Italiya. Ko Afirka ba ta tsira ba, don Cecil Rhodes ya kai su Cape Town, suna can har yau. Duk wannan don mi? Don ado. Masu kuɗin wancan zamani suna son baƙo ya zo gidansu ya ga dabbar da maƙwabci ba ya da ita.

Matsalar ita ce ƙasar tana da nata kurege tun dubban shekaru, ja, ƙarami, mai gashi a tsinin kunne. Baƙon ya kusa ninka shi nauyi: shi ya haura rabin kilo, ja kuwa wajen giram 300. Baƙon yana iya cin ƴaƴan itacen oak da yawa ba su dame shi ba, alhali suna da wani sinadari mai bauri irin na bagaruwa da cikin ja ba ya jurewa sosai. Mafi muni, baƙon na ɗauke da ƙwayar wata cuta mai kama da agana. Shi ba ta yi masa komai, amma in ta kama ja sai ƙuraje su cika masa ido da baki, yawanci cikin sati biyu ya mutu. Ku lura, ba faɗa suke yi ba. Mai toka ba ya bin ja da cizo. Cin abincinsa kawai yake, yana haihuwa, yana yawo da cutar da bai san yana ɗauke da ita ba. Yau ana ƙiyasin masu toka sun kai miliyon biyu da rabi a Birtaniya, ja kuwa ko a ƙiyasi mafi yawa bai kai 300,000 ba, kuma akasarinsu a Sikotilan suke.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. A daji yana saɓe ɓawon itatuwa masu tasowa don ya sha ruwan da ke ƙarƙashi, in ya zagaye itace da saɓa sai saman ya bushe. Wani rahoton masu kula da gandun daji na 2021 ya ƙiyasta asarar a fam miliyon 37 kowace shekara a Ingila da Wales. A cikin gari kuwa, da yake haƙoransa ba su daina tsawo, dole ne ya yi ta gurgura. Yakan shiga sararin da ke ƙarƙashin rufin gida ya yi sheƙa, ya ci katako, ya huda bututun ruwa, ya feƙe wayoyin lantarki har a ji tsoron gobara. Yakan tone shuke-shuken lambu, ya yage ledar shara, ya wawashe abincin da mutane ke ajiye wa tsuntsaye.

Hukuma ta daɗe tana fama. A 1937 aka hana shigo da shi da kiwonsa. Daga 1953 aka sa lada, sule guda kan kowace jela, daga baya aka mai da shi sule biyu. An kawo jela fiye da miliyon guda, amma a 1958 aka daina biya don yawansu bai ragu ba. Dokar 1981 ta haramta sakinsa cikin daji, kuma tun ƙarshen 2019 ko masu jinyar dabbobi ba su da izinin sakin wanda suka warkar. Ma'ana, in ka kama shi da rai cikin tarko, ba ka da damar kai shi bayan gari ka buɗe masa ƙofa. Amma kuma ba yadda ka ga dama za ka kashe shi ba. A 2010 wata kotu ta hukunta wani mutum da ya nutsar da kurege cikin ruwa, ta sa ya biya sama da fam 1,500, wato fiye da miliyon guda na kuɗinmu. Da na faɗi wannan a fada sai wani ya ce: "Kai! A hana ka saki, a hana ka kashewa yadda ka iya, wannan ai rainin wayo ne." Ni kuwa a nan na fara ganin akwai hankali cikin lamarin, zan dawo kansa.

Masu tunani sun rabu gida biyu kan irin wannan magana. Gida na farko na bin hanyar Peter Singer, ɗan Ostareliya, wanda littafinsa kan ƴancin dabbobi ya fito a 1975. A wurinsu abin dubawa shi ne wahalar kowane rai ɗaya ɗaya. Zafin da mai toka ke ji cikin tarko daidai yake da zafin da ja zai ji. Launin gashi ko ƙasar asali ba su ƙara wa rai daraja. In haka ne, wace hujja ke gare ka ta kashe dubu don ka tsirar da ɗari? Gida na biyu na bin hanyar Aldo Leopold, masanin daji ɗan Amurka, wanda littafinsa ya fito a 1949. Su suna kallon daji gaba ɗaya kamar gari guda: itatuwa, tsuntsaye, ƙwari, dabbobi. Abin da ke kiyaye zaman garin shi ne daidai, abin da ke rusa shi kuskure ne. In jinsi guda ya ɓace daga ƙasa, an yi asarar da haihuwar wani jinsi ba ta mayarwa.

Kowane gida yana da gaskiya, kowane kuma yana da inda ya makance. Na farko yana ƙirga kuregen da ke cikin tarko don ana ganinsa, yana kuka, ana iya ɗaukarsa hoto. Ba ya ƙirga jan da ke ruɓewa da ƙuraje can cikin daji inda ba mai salula. Ƙin taɓa mai toka bai hana mutuwa ba, ya dai kawar da ita daga gabanmu. Na biyu kuma, in an sake masa linzami, sai rai ya zama lissafi, a ce "rage yawa" maimakon "kisa", har mai yi ya manta akwai abin da ke numfashi a hannunsa.

Duk mun san gatanar kurege da bushiya tun muna yara. Ana ruwa, bushiya ta roƙi kurege ya bar ta ta fake cikin raminsa, ya ji tausayi ya matsa mata. Da ta ji ɗumi sai ta baje ƙaya, mai gida ya yi ƙorafi, ta nuna masa cewa wanda wurin bai yi wa ba shi ne zai fita. Da na ji labarin Ingila sai na ce ga gatanarmu nan ta tabbata, sai dai wannan karon kurege ne mai gida, kurege ne kuma baƙo. Amma da na sake dubawa sai na ga misalin bai zauna ba. Bushiya ta roƙa, ta san alherin da aka yi mata, ta zaɓi butulci. Abin da ya sa muke jin haushinta kenan. Mai toka bai roƙi kowa ba, bai yi alkawari ba balle ya saɓa. In akwai bushiya cikin labarin nan, to attajirin da ya buɗe keji ne, shi kuwa ya daɗe a kabari.

A nan ne nake ganin bakin zaren: laifi daban, ɓarna daban. Laifi na buƙatar sani da zaɓi. Ɓarna ba ta buƙatar ko ɗaya. Ruwan da ya ci gidaje a Yamai ya yi ɓarna, ba wanda zai kai shi gaban alƙali, amma ba wanda zai ce kada a yi masa shinge. Matsalarmu mu mutane ita ce ba mu iya tsayar da abu sai mun fara ƙinsa. Kafin mu ɗaga sanda sai mun laƙa masa suna: mugu, ɓarawo, ɓera. Haka ake yi wa mai toka a can, ana kiransa ɓeran bisa itace, ana zana shi kamar sojan mamaya. Sunan na sauƙaƙa wa zuciya, amma ƙarya ne, kuma ƙarya ce mai canza riga. Ga shaida: a 1903 masu gandun daji a arewacin Sikotilan suka kafa ƙungiya musamman don kashe jan kurege, saboda shi ma yana saɓe ɓawon itace. Cikin shekaru 30 na farko sun kashe sama da 80,000. Wanda ake bugawa a katin gaisuwa yau, jiya shi ne ake biyan lada kan jelarsa. Kuregen bai canza ba, buƙatar mutane ce ta canza.

To in ba shi da laifi, a bar shi kenan? Labarin Italiya ne ya hana ni cewa i. Ku tuna guda huɗu aka saki a 1948. A 1997 suna nan tsare cikin yanki guda na Piemonte, masana na ganin ana iya gamawa da su. Hukumar kula da namun daji ta fara gwaji a gandun Racconigi: a kama, a sa musu maganin barci, sannan a kashe. Ƙungiyoyin kare dabbobi suka kai ƙara, aka tsayar da aikin. Shari'a ta ci shekara uku, a 2000 aka wanke ma'aikatan. Kafin nan kuregen ya bazu ya wuce inda za a iya kewaye shi. Waɗanda suka kai ƙarar ba mugaye ba ne, tausayi ne ya motsa su. Amma sakamakon tausayin shi ne aikin da zai ƙare sau ɗaya ya zama na kowace shekara, adadin da za a kashe ya ƙaru, ja kuma ya ci gaba da ja da baya. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Akwai tausayin da in ka duba da kyau kanka kake tausayawa, kana gudun ganin jini a hannunka, ka bar wa na bayanka jinin da ya fi yawa.

A ɗaya gefen ga tsibirin Anglesey a Wales. A ƙarshen shekarun 1990 jan da ya rage can bai kai 40 ba. Aka shiga kama masu toka, dubbai, shekara da shekaru, har a 2015 aka sanar tsibirin ya rabu da su. Ja ya farfaɗo ya kai ɗaruruwa. Aikin ya yi nasara don tsibiri ne, ruwa ya kewaye shi, kisan yana da iyaka kuma yana da abin da ya saya.

Wannan ya kawo mu ga birni, inda bidiyon ya faro. A Landan da yawancin biranen Ingila babu jan kurege ko ɗaya da za a ceta, ya ɓace tun kakanni. Wanda ya harbe mai toka a lambun bayan gidansa ba zai ce don ja ya yi ba. Kuma darasin ladan jela bai tsufa ba: ka kashe biyar, cikin ƴan makonni biyar na maƙwabta sun maye gurbin, muddin abinci na nan, ƙofa na buɗe. Abin da ke aiki a gari shi ne toshe kafar rufi da ragar ƙarfe bayan an tabbata ba ƴaƴa a ciki, sare rassan da suka taɓo gida, rufe shara, da daina ciyar da su da hannu. Wanda ya riga ya shiga rufi yana cin waya, a fitar da shi ko a kashe shi, wannan kare gida ne, ba mai zargi. Amma kisan da ba ya tsirar da komai, ba ya rage komai, huce haushi ne kawai. Kada mu manta kuma, ga yaron birni da bai taɓa zuwa daji ba, wannan kuregen na iya zama kaɗai naman dajin da zai gani da rana ido da ido. Wannan ma abu ne mai nauyi a ma'auni.

Akwai kuma hanyoyin da ba tarko ba. Masu bincike a Ingila na gwada maganin hana haihuwa da ake cuɗawa cikin abinci, a sa cikin akwati mai murfi wanda sai mai nauyin toka ke iya ɗagawa. A tsakiyar Ayalan kuma wani bincike na 2014 ya nuna cewa inda wata dabbar daji mai kama da tunku, wadda ake kira martre da Faransanci, ta dawo bayan an daina farautarta, masu toka sun ragu ƙwarai, ja ya dawo. Ja ya san ta tun fil azal, yana gudunta, baƙo kuwa bai san warinta ba. Sai dai ita ba ta son birni, don haka birane sun zama mafakar mai toka. Waɗannan hanyoyi ba su gama nuna ba tukuna, amma wajibi ne a zuba musu kuɗi, domin wanda ya ce "ba yadda zan yi" alhali bai nemi wata hanya ba, bai faɗi gaskiya ba.

Ga inda na tsaya, ƴan uwa. Na yarda ana iya kashe marar laifi daga cikin dabbobi don tsayar da ɓarna, amma da sharuɗɗa. Ɓarnar ta zama tabbatacciya, an auna ta. Kisan ya zama zai kai ga wani abu, kamar a Anglesey. A yi da wuri, tun adadin na kaɗan. A yi ta hanya mafi sauri da ƙarancin azaba. A daina ranar da aka samu hanyar da ta fi. Shi ya sa hukuncin kotun nan na 2010 bai zama rainin wayo a wurina ba. Doka ce ke cewa: dole ta sa mu ɗauki ranka, amma dolen ba ta ba mu izinin wulaƙanta ka ba. Mai yin aikin ya san bashi yake biya, bashin da kakanninsa suka ci don ado, kuma wanda ake biya da ransa ba shi ya ci ba. Mai biyan irin wannan bashi ba ya kirari, ba ya ɗaukar hoto da gawa.

Saura abu guda da ya fi damuna, shi ne kalmar "baƙo". A can ma akwai masu lura cewa yadda ake maganar kuregen waje da kuregen gida na kama da yadda wasu ke maganar mutane. Mu da ƴan uwanmu ke cirani ƙasashen mutane, mun san yadda kalmar nan ke ciwo. Baƙunta ba ita ce ɓarna ba. Dogon yaron da muke shan shayi ƙarƙashinsa daga Indiya ya zo, shi aka jera a kwarin Majiya yana tare iska. Mangwaro baƙo ne, masara baƙuwa ce, gujiyar da ta gina Maraɗi daga Amurka ta Kudu take. Daga can ɗin dai wata irin kainuwa mai fure ta zo, wadda ke toshe kogin Kwara a Yamai tana hana masunta aiki. Ba fasfo ne ya raba gujiya da kainuwa ba, abin da kowace ta yi bayan ta zo ne. Mutum kuwa ya wuce nan ma, don shi yana da sani da zaɓi, ana yi masa hukunci shi kaɗai kan abin da hannunsa ya aikata, ba a yi wa jinsinsa jimla. Duk ranar da kuka ji ana kiran mutane da sunan ɓera ko fara, ku tuna jan kurege na 1903.

Da na mai da wannan bayani fada, mai dafa shayi ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce: "To yanzu in kai ne ka kama shi cikin rufin ɗakinka, ƙaƙa za ka yi?" Na ce zan kashe shi, da sauri, sannan in hau in toshe kafar da ya bi, don kada in sake kashe wani. Ya ce: "Kuma ba za ka ji komi ba?" Na ce zan ji, kuma ina fatan kada ranar da zan daina ji ta zo. Bai gamsu ba, har yanzu yana kan bakansa cewa zalunci ne. Na ce masa shafi na gaba na littafin nan a buɗe yake, ya rubuto.